Kwalin da Mai Keke Ta Kai wa Shaihi

Godiya ta tabbata ga Allah wanda rahamarsa ta game babba da ƙarami cikin halittarsa, tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen talikai da alayensa da sahabbansa. Bayan haka, duk wanda Allah ya nufa da zama gaban Shaihinmu, masanin Allah, ma'abocin tsantseni da gudun duniya, Allah ya ƙara masa yarda ya haskaka makwancinsa, ya san cewa ilimi irin nasa ba a kan leɓe yake ba. Fiƙihu da tafsiri da nahawu duk a tafin hannunsa suke, amma da wuya ka ji ya ɗaga murya, kuma sau da yawa amsar da manyan malamai za su yini suna juyawa, shi da kalma uku zai rufe ta. Abincinsa kaɗan, barcinsa kaɗan, rigunansa ba su wuce a ƙirga da hannu ɗaya ba.

Yana da wata ɗabi'a game da kyauta wadda kowa ya san shi da ita. Ba ya buɗe abin da aka kawo masa, ba ya yarda a faɗi abin da ke ciki don kada riya ta shiga, kuma kyauta ba ta kwana a gidansa. Wani dattijon almajirinsa da muke kira Baba Mai Ƙofa shi ke karɓa daga hannun baƙi ya jera a damansa, in mai buƙata ya zauna ya gama kukansa, sai Shaihi ya nuna ɗaya daga cikin ƙunshin ya ce, "Ɗauki wannan." Abin mamakin shi ne, da wuya mutum ya buɗe a gida bai tarar da abin da ya dace da halinsa ba. Labarin da zan ba ku yana cikin irin waɗannan, na ga wani sashensa da idona, sauran kuma daga bakin mai abin na ji.

Cikin matan da ke zuwa karatu akwai wata tela da mijinta ya rasu, wadda duk layinsu ke kira Mai Keke, saboda ƙarar keken ɗinkinta da ke tashi tun hantsi ba ya tsayawa sai rana ta yi sanyi. Ɗaki ɗaya take haya a wani gida mai ɗakuna da yawa, famfo ɗaya a tsakar gida, igiyar shanya ɗaya wadda ba ta rabuwa da rigima. A ɗakin nan take kwana, a nan take ɗinki, keken a gindin taga, buhun ƙyallaye a bayan ƙofa, kuma nan duk masu kawo mata aiki suka sani. In ta bar shi, ta bar makwanci da abinci gaba ɗaya.

Tana da kyanwa mai ruwan toka da fararen ƙafafu. Ba saye ta yi ba, ba a ba ta ba. Lokacin doguwar jinyar mijinta kyanwar ta shigo da kanta ta kwanta a ƙafafunsa, ba ta kuma bar wurin ba har ranar da aka fita da shi. Tun daga nan Mai Keke ba ta iya yi mata ko tsawa, don a duk gidan nan su biyu ne kaɗai suka yi zaman jinyar nan har ƙarshe. Sai dai baiwar Allah kyanwar nan akwai haihuwa! Kafin a gama rabar da na baya, ciki ya sake fitowa. Mai Keke ta ba 'yan uwa, ta ba ƙawaye, ta ba masu kawo ɗinki, har ya zama in dangi suka hango ta da kwali a hannu sai a aiko yaro ya ce ba kowa a gida. A wannan karon kuma guda huɗu ta zubo, sun buɗe ido, sun fara lasar abinci da kansu, sun fara hawa kan wankin mutane.

Ranar da ɗaya daga cikinsu ya ɓata farar rigar wani ɗan haya, mai gidan ya zo da kansa. Mutum ne mai faɗa amma ba mugu ba, ya tsaya a bakin ƙofa yana kaɗa makullai.

"Mai Keke, ni ɗaki na ba ki haya, ban buɗe asibitin haihuwa ba. Muzurai sun mai da rufin gidana dandali, 'yan haya kullum ƙara. Zuwa ƙarshen watan nan, ko kyanwar da zuriyarta su fita, ko ke da kekenki."

"Alhaji, ka yi mini rai, ka san yadda na same ta."

"Na sani, Allah ya jiƙansa. Ita kaɗai ba ta dame ni ba. Da za ta daina haihuwa da ban ce komai ba. To, wa zai hana ta? Ke?"

Ya juya ya tafi, ya bar ta tsaye da almakashi a hannu.

Wata mai kawo mata ɗinki ta gaya mata cewa akwai likitar dabbobi da ke yi wa kyanwa aiki ta daina haihuwa. Mai Keke ta je ta tambaya, ta dawo jikinta a sanyaye, don abin da aka faɗa mata ba ta da hanyarsa sai in ta sayar da keken, in kuwa ta sayar da keken me za ta ci? Matar ɗakin da ke kusa da nata kuma ta ƙara mata nauyi. "Ke, aikin nan ma haramun ne, taɓa halittar Allah fa! Ki zuba su a buhu kawai, uwar da 'ya'yan, a kai bayan gari a zazzage, kowa ya huta." Ƙanin mijinta ma ya ce in tana jin nauyi shi zai ɗauke mata. Mai Keke ta dubi 'yan abubuwan nan suna wasa da zare a ƙarƙashin keke, ta ji wallahi ba za ta iya ba. Tsoron Allah ya hana ta, tsoron titi kuma ya hana ta barci.

Sai ta yanke shawarar kai maganar gaban Shaihi: shin ya halatta ta jefar da su, shin aikin likitar ya halatta? Ba ta yarda ta bar 'ya'yan a gida ba, don ta san kafin ta dawo wani zai taimake ta da buhu. Ta bari suka ƙoshi, ta shimfiɗa musu ƙyallaye a kwali, ta huda ramuka, suka kwanta suka yi barci. To, kun san tela ba ta iya fita da abu tsirara. Ta ɗauko ragowar wani yadi mai kyau ta naɗe kwalin tsaf, ta ƙulla bakin da kyau, har da ɗan kunne biyu a sama. Duk wanda ya gani zai rantse kyauta ce ta girmamawa.

Tana isa bakin ƙofa, Baba Mai Ƙofa ya miƙa hannu biyu ya karɓe.

"Baba, ai wannan..."

"A'a, a'a, 'yar nan, ba a faɗi! Ke baƙuwa ce? Allah ya karɓa, Allah ya ninka. Wuce ki zauna."

"Baba, don Allah ka tsaya ka ji..."

"Kada ki ɓata ladanki da bakinki. Wuce!"

Kafin ta sake buɗe baki ya yi ciki da kwalin, ya ajiye shi a daman Shaihi tare da sauran kaya. Mai Keke ta samu wuri a ɓangaren mata ta zauna, gumi na keto mata. Ta san abin da zai biyo baya sarai. Wani bawan Allah mai fama da yunwa zai zo ya yi kuka, a ce ya ɗauki wannan, ya ruga gida da murna, ya tara iyali, ya kwance ƙulli, ya tarar da ƙarin baki huɗu. Kuma a ce daga hannun Shaihi! Ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta so ta tashi ta yi magana a gaban maza cike da ɗaki, kunya ta hana. Ta so ta ƙyale, zuciya ta hana. Ba abin da take yi sai salati a ɓoye.

Shaihi, Allah ya ƙara masa yarda, yana tsakiyar amsa wata tambaya ta gado sai ya dakata, ya dubi kwalin ɗan lokaci, ya ce, "Ku janye wannan daga rana, ku sassauta ɗaurin. Rabon mutum fiye da ɗaya ne." Ya koma kan maganarsa kamar bai ce komai ba. Kwalin kuwa ko motsi bai yi ba, ni shaida ne, don ina kusa.

Wanda ya fara zama da buƙata wani mai shagon yadi ne. Ya ce ɓeraye sun sa shi a gaba, suna cin bandir tun daga tsakiya, sai ya warware wa mai saye ya tarar da huji. Ya sa guba, gubar ta kashe kajin maƙwabcinsa, yanzu ga asara ga gaba. Yana roƙon a ba shi addu'ar da zai tofa a shagon.

Shaihi ya ce, "Sa hannunka a kwalin nan ka ɗauki ɗaya. Ɗaya tak."

Mutumin ya zura hannu yana bismillah, sai muka ga ya zabura, ya fito da 'yar kyanwa tana hamma. Subhanallah! Dariya ta cika bakin mutane amma ba mai ikon sakinta. Baba Mai Ƙofa kuwa ya riƙe haɓa ya juya yana neman Mai Keke da ido.

Shaihi ya ce, "Ka kwashe gubar. Ka ciyar da ita kafin ka sa ta aiki, yarinya ce. Maƙwabcinka kuma ka je ka ba shi haƙuri."

Bayansa wata matashiya ta yi magana daga ɓangaren mata. Ta ce tun da mahaifiyarsu ta rasu, babansu ya juya fuska bango, ba ya fita, ba ya magana, abinci sai an yi da gaske. An kai shi asibiti an ce ba a ga komai ba. Shaihi ya yi addu'a a hankali, sannan ya sa aka miƙa mata kwalin. "Ki ajiye masa a ɗaki, ki ce ke ba ki da lokacin kula da ita. Kada ki ba ta abinci a gabansa, ki bari ta roƙe shi." Yarinyar ta rungume kyanwar a cikin mayafinta tana hawaye. Daga baya mun ji cewa tsohon nan da kansa ya fara fita neman madara, daga nan ya koma masallaci. Ta ukun kuwa wani mai gadin makaranta ne ya tafi da ita, ban ma riƙe abin da ya kawo shi ba, na dai tuna ya fita yana dariya yana ce mata ta yi haƙuri da aljihunsa.

Har aka kusa kiran azahar, baƙi suka ƙare, sauran kyaututtuka duk an rabar. Baba Mai Ƙofa ya leƙa kwalin ya ga saura ɗaya, ita ce ƙaramarsu, ramammiya, ido ɗaya a manne da kwantsa, irin wadda ko kyauta aka ba mutum sai ya ce a bari ya yi shawara. Hankalinsa ya tashi, don ya san ƙa'ida, kuma ga shi ba wanda ya rage da za a ba.

Shaihi ya ce, "Ina mai kwalin?"

Mai Keke ta matso ta durƙusa daga nesa. Ba ta furta ko kalma ɗaya ba ya riga ta.

"Kada ki jefar da rai, kin kyauta da ba ki yi ba. Aikin da likita zai yi wa uwar kuma, in an yi shi da tausayi don a kauce wa cutar da ta fi shi, babu laifi a kanki."

Daga baya Mai Keke ta ce mini a nan ne mamaki ya kama ta, don ba ta gaya wa kowa a gidan Shaihi labarin uwar ba, balle maganar likita. Da kyar ta iya cewa, "Allah ya gafarta Malam, ba ni da halinsa."

"Ki dawo ranar karatu."

Baba Mai Ƙofa ya kasa haƙuri. "Allah ya gafarta Malam, wannan ɗayar fa? Ga rana tana tafiya."

Shaihi ya miƙa hannunsa mai albarka, ya ɗauko ta, ya ɗora a cinyarsa, ya shafa kanta da yatsa ɗaya. Ya ce, "Tunda ba wanda ya zo dominta, ashe tawa ce. A kawo ruwan ɗumi a wanke mata ido." Mu da muka daɗe tare da shi muka dubi juna. An kawo masa agoguna, an kawo darduma ta alfarma, an kawo makullin mota, duk bai bari sun ga wayewar gari a gidansa ba. Abin da ya riƙe a duk tsawon zamanmu da shi, 'yar kyanwar nan ce mai kwantsa a ido. Ta rayu, ta yi ƙiba, ta zama in ana karatu sai ta zo ta kwanta a gefen littattafai, ba mai ce mata tashi.

Mai Keke ta koma gida da kwali wayam, rabin nauyin ya sauka, rabi na nan. Uwar ta yi ta zagaye ɗaki tana kiran 'ya'yanta, ta gaji ta haƙura, muzurai kuma suka fara dawowa kan katanga. Wata na ta tafiya. Duk sanda ta ji ƙarar makullai a tsakar gida sai gabanta ya faɗi.

Ranar karatu ta koma. Da aka tashi, Shaihi ya nuna wani dogon ƙunshi mai nauyi da aka naɗe da takarda ya ce, "Ɗauki wannan. Ki tafi da shi inda kika je tambaya." Gaskiya ita ambulan mai kuɗi ta sa rai da shi, ba ta ɓoye mini ba. Da ta isa gida ta kwance, sai ga bandir ɗin yadi kore, mai kauri, ba zane ba ado, irin wanda ba macen da za ta ɗinka ta sa ko da biyanta za a yi. Ranta ya ɓaci, ta zauna a bakin gado ta ce, "Yau ni na ga ta kaina, yadi zan kai wa likita?" Nan take kuma ta yi istigfari, ta ce wanda ya san da uwar ba a gaya masa ba, ai ba zai aike ta banza ba.

Washegari ta ɗora bandir a ka, ta sa kyanwa a kwando, ta kama hanya. Likitar wata mace ce mai fara'a, tana cikin wanke hannu Mai Keke ta yi sallama ta sauke kayanta, ita kanta ba ta san da wace kalma za ta fara ba. Likitar ta dubi yadin, ta matso, ta murza shi da yatsu, ta ɗaga kai.

"Baiwar Allah, a ina kika samo wannan? Wa ya gaya miki ina nema?"

"Ba wanda ya gaya mini, likita. Aiko ni aka yi."

Likitar ta ja ta ciki ta nuna mata. Rigunan da suke sawa wurin aiki duk sun mutu, shimfiɗar teburin ta sha faci har ba wurin wani, labulen da ke raba ɗakin ya yage tun daga sama. Ta ce ta zagaye kasuwa tana neman irin wannan mai jure wanki da tafasasshen ruwa ba ta samu ba. "Saura in sami tela mai hannu."

Mai Keke ta yi dariyar da rabonta da ita tun ranar da mai gida ya tsaya a ƙofarta. Ta zaro tef ɗin awo daga jaka ta ce, "Likita, ɗaga hannunki in gwada."

Haka suka shirya, ba wadda ta miƙa wa wata ko sisi. Mai Keke ta ɗinka riguna da shimfiɗu da labule, ta yi musu aikin da ko na amarya albarka. Likitar ta yi wa kyanwa aikinta cikin barci, kyanwar ta farka lafiya, likitar ta ba da magani, ta ce a hana ta lasar wurin.

Ranar ƙarshen wata mai gida ya zo da sabon kwaɗo a hannu, da wani mutum a bayansa wanda zai duba ɗaki. Ya leƙa, ya ga kyanwa kwance a kan buhun ƙyallaye, ya girgiza kai.

"Ashe kin zaɓa, Mai Keke. To, ba ni na kore ki ba."

"Alhaji, 'ya'yan duk sun sami gidaje. Ita kuma ka ce da za ta daina haihuwa ba ka da magana. Zo ka gani."

Ta ɗauko ta a hankali ta juya cikinta. Ga wurin an aske, ga ɗinki siriri a jere. Mai gida ya sunkuya, ya gyara tabarau, ya daɗe yana kallo.

"Ikon Allah. Mai Keke, ke kika ɗinke ta da kanki?"

"Haba Alhaji! Likita ce. Da ni ce, ai da ɗinkin ya fi haka ƙanƙanta."

Dariya ta ƙwace masa har da tari. Ya tambayi yadda aka yi, ta ba shi labari tun daga kwali har yadi, yana ji yana salati. Da ta gama ya juya ga mutumin da ya zo da shi ya ce, "Malam, ka yi haƙuri, ɗakin nan da mai shi." Ya jefa kwaɗon a aljihu, sai kwaɗon ya zarce ya faɗo ƙasa, ashe aljihun a yage yake. Ya ɗauka yana tsaki, ya ce, "Kin gani ko? Gobe zan aiko miki da rigar nan, kada kuma ki ce mini sai mako mai zuwa."

Bayan sun fita ta zauna gaban keken ta ɗora ƙafa za ta ci gaba da aiki, amma ta kasa zura zare a allura, don hawaye sun hana ta ganin kafar. Ta bar shi, ta kifa kai a kan keken ta yi kukanta ta ƙoshi, tana ta faɗin alhamdu lillahi.

Wannan kaɗan ne daga cikin karamomin Shaihinmu, waliyyin Allah mai tausayin bayinsa, wanda bai raina buƙatar matar da ba ta da kowa ba, bai kuma raina ran da ba ya iya magana ba. Ya Allah ka ƙara masa yarda, ka ɗaukaka darajarsa, ka yalwata kabarinsa, ka sa mu cikin albarkarsa mu da iyayenmu da zuriyarmu. Ka sanya mana tausayi a zukatanmu ko da kwatankwacin ƙwayar nasa, ka rufa wa duk mai neman makwanci asiri, mutum ne ko dabba. Amin, ya Mai rahama.